Idan Gidan Caca Ya Riƙe Maka Kuɗi

Ƙannena, akwai maganar da ba a son yi a zaure, shi ya sa take cin yara a ɓoye. Matashi ya sa kuɗi a cacar intanet, ko ta ƙwallo, ko ta ɗan jirgin nan da ke tashi ya ɓace, ko ta kati da lambobi. Waya ta nuna masa ya ci. Ya danna cire kuɗi, ya zauna jiran alat. Yini ya wuce, kwana ya wuce, abin da ake gaya masa ɗaya ne: ana dubawa. Wani ma gari na wayewa sai ya tarar an toshe asusun ɗungurungum. Ba zai tunkari mahaifinsa da zancen ba, ba zai tunkari malaminsa ba, abokan da suka koya masa kuwa ba su fi shi sanin komai ba.

Matsayina a kan caca ba ɓoyayye ba ne. Haramun ce, ayoyin Baƙara da Ma'ida sun gama magana, kuma da so samu ne babu ɗayanku da zai buƙaci wannan rubutu. Amma na ga abin da shirun manya ke jawowa. Yaron da aka riƙe wa dubu hamsin, da yake ba shi da mai nuna masa hanya, sai ya ci bashin dubu ɗari ya zuba wajen neman su. Saboda haka zan gaya maka yadda ake bin wannan rigima, kuma ba zan ɓoye maka manufata ba: ina so ka bi ta ne don ka kwashe abin da yake naka ka bar wurin.

Kwanakin jira su ne mafi haɗari. Kamfanin ya san halin mai caca sarai. Ya san wanda ke jiran dubu tamanin barci ba ya ɗaukar sa, wayar tana hannunsa, wasan kuma a buɗe yake dare da rana. A shafuka da yawa, muddin ba a tura kuɗin ba, akwai wurin da za ka danna ka soke cirewar, su dawo cikin asusun wasa. A nan rigingimu da yawa suke mutuwa tun ba a fara su ba. Mai kuɗin ya gaji da jira, ya ce bari in ɗan taɓa kafin su saki, kafin kiran assalatu babu sauran abin da za a yi jayayya a kai. Hukumar kula da caca ta Birtaniya ta haramta wannan maɓallin sokewa tun ƙarshen Oktoban 2021 saboda irin ɓarnar da ta ga yana yi. Kai da ba ka da hukumar da ta hana maka shi, kai za ka hana kanka. Daga lokacin da kuɗi suka maƙale, ko naira ɗaya kada ka sake bugawa a asusun, kada kuma ka ƙara saka wasu.

Kafin ka yi wa kowa magana, tara shaida, domin in aka toshe asusu ba za a buɗe maka don ka koma ɗauko hujja ba. Ɗauki hoton allon wayarka: lambar tikiti, abin da ke cikin asusu, rana da lokacin da ka nemi cirewa, jerin kuɗin da ka saka da waɗanda ka taɓa cirewa, da duk hirar da ka yi da ma'aikatansu. Ɗauki har shafin ƙa'idojinsu yadda yake a ranar, tunda shafin nasu ne, suna iya gyara shi. In a shago ka buga, tikitin irin takardar POS ce, zafin aljihu da gumi suna cinye rubutunta, don haka ka ɗauke ta a hoto tun baƙinta na nan. Ka tura wa kanka duka ta imel. Waya tana faɗuwa, ana kuma sace ta.

Daga nan sai ka gano inda kuɗin suka tsaya, don ba kowane jinkiri ne zalunci ba. Wani lokaci kamfanin ya tura, a hanya suka maƙale. In suka ce sun biya, nemi lambar shaidar turawa, wadda a tsarin bankunan Najeriya take da lambobi 30, ka kai wa bankinka ko kamfanin da ke riƙe da asusunka na waya. Da ita ake gane ko kuɗin sun iso ko an mayar da su. Cikin abin da ke mayar da su akwai matakin asusu: asusun mataki na ɗaya, irin wanda ake buɗewa a waya nan take, ba ya riƙe fiye da naira 300,000 bisa ƙa'idar Babban Bankin Najeriya. In banki ya yi mako biyu bai warware ƙorafinka ba, kana da ikon kai shi sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin. Wannan ita ce mafi sauƙi a cikin matsalolin.

Wadda na ga ta fi kama yaranmu na Arewa ita ce ta suna. Ranar saka kuɗi babu mai tambayar ka ɗan wane ne kai. Sai ranar cirewa a nemi katin shaida, da hotonka riƙe da shi, wani lokaci har da takardar bayanin asusun banki. Jinkirta tambayar zuwa ranar biya rashin adalci ne, kuma Birtaniya ta hana shi tun Mayun 2019: ta ce a tantance mutum kafin ya fara wasa, kada a jira sai ya zo karɓa sannan a ɓullo da abin da ya kamata a nema tun farko. Sai dai ita kanta tantancewar tana da tushe. Dokar Najeriya ta 2022 ta hana halasta kuɗin haram ta sa gidajen caca cikin wuraren da dole su san wanda suke hulɗa da shi. Mu kuwa takardunmu ba safai bakinsu ke zuwa ɗaya ba. A BVN an rubuta Mohammed, a NIN Muhammad, a takardar makaranta Muhammadu. Wani ya sa sunan garinsu a ƙarshe a wuri ɗaya, ya sa na mahaifinsa a wani. Wanda ake kira Garba ko Habu a gida ya yi rajista da haka, alhali katinsa Abubakar ya sani. Ranar haihuwa kuwa, wani mai cika fom ne ya zaɓa masa. Na'urar kamfani ba ta san Garba shi ne Abubakar ba. Irin wannan yana gyaruwa, da takardar rantsuwa daga kotu, da gyaran suna a banki ko a hukumar NIMC, sannan ka tura musu hotuna masu haske, kusurwa huɗu ta katin duk a bayyane. Gyaran ma zai amfane ka ranar neman aiki ko fasfo.

Wanda ba ya gyaruwa shi ne shiga da sunan wani. Wani yaro mai koyon gyaran waya a unguwarmu ya same ni bayan isha'i, ya miƙo mini wayarsa mai tsagaggen gilashi, hannunsa na rawa. A allon akwai kuɗin da suka fi abin da yake samu cikin watanni, a ƙasansu kuma jan rubutu yana cewa a turo hoton mai asusu riƙe da katinsa. Layin da ya yi rajista da shi na yayarsa ne, don lokacin da ya buɗe shekarunsa ba su kai 18 ba. Kuɗin da ya riƙa sakawa kuma ta asusun mai POS na bakin titi suka bi. Sunan mutum biyu ke nan a kan asusun, babu nasa a ciki. Ya tambaye ni, yana kallon ƙasa, ko zai iya lallaɓar yayar ta ɗauki hoton ba tare da ta san dalili ba. Na ce masa a'a. Matar aure ce da ba ta ji ba, ba ta gani ba, kuma in bincike ya tashi sunanta za a kira. Ƙarshenta kamfanin ya soke cin, ƙa'idar da yaron ya danna ya amince da ita kuwa ta ba su wannan damar. Haka abin yake ga mai asusu biyu, ko abokai uku da ke shiga ta waya ɗaya. In halinka ke nan, kada ka haɗa ƙarya a kan ƙarya. Faɗi gaskiya a rubuce, ka nemi a mayar maka da uwar kuɗinka, ka san cewa ko ita ba ta da tabbas.

Sai bonas, wanda ake yi wa tallar kyauta. Karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashinsa za ka tarar an ce sai ka juya shi sau kaza kafin ka cire. Ɗauki misali: an ba ka naira 10,000, an ce ka juya sau 35. Sai ka buga wasan naira 350,000 ke nan. Wasannin inji da yawa suna rubuta cewa kashi 96 cikin 100 suke mayar wa 'yan wasa, wato gida na riƙe kashi 4. Kashi 4 na 350,000 naira 14,000 ne. Tun kafin ka fara, lissafi ya nuna abin da ake sa ran za ka rasa ya fi abin da aka ba ka. Ga kuma wasu sharuɗɗan a gefe: iyakar abin da za ka ɗora a bugu ɗaya, wasannin da ba a ƙirgawa, ranar da bonas ke mutuwa, da iyakar abin da ake biya komai yawan cin. In ɗayan waɗannan ka taka, kuma yana rubuce tun ranar da ka shiga, ƙorafinka ba shi da ƙarfi. Abin da za ka tsaya a kai shi ne a raba kuɗinka na ainihi da na bonas, a ɗauke nasu, a sakar maka naka.

Akwai kuma amsar da suke bayarwa in cin ya yi girma: na'ura ce ta yi kuskure. Shari'o'i biyu na Ingila sun isa su nuna maka yadda wannan ke ƙarewa. A Janairun 2018 wani mutum mai suna Andrew Green ya ci fam miliyan 1.7 a wasan kati na kamfanin Betfred, kamfanin ya ce matsalar manhaja ce, ya ƙi biya. Sai a Afrilun 2021 babbar kotu ta ba shi gaskiya, ta ce sharuɗɗan da kamfanin ya fake da su ba a fayyace suke ba, ba a kuma jawo hankalinsa gare su yadda ya kamata ba. Wata mata kuma, Joan Parker-Grennan, ta buga wasa a 2015, allo ya nuna mata abin da ta ɗauka fam miliyan 1 ne, kamfanin Camelot ya ce fam 10 ta ci. A Maris na 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayan kamfanin, saboda ƙa'idar wasan ta ce abin da kwamfutar kamfani ta rubuta shi ne sakamako. Shi ya yi shekara uku yana bi, ita ta yi kusan tara ta tashi da fam 10, kuma wannan a ƙasar da kamfanin ke da ofis, da lasisi, da kotun da ke iya tilasta masa. Ka riƙe wannan a ranka kafin wani ya ce maka kotu za ta ƙwato maka cikin wata guda.

Ƙorafi a rubuce ake yin sa. Hirar da kake yi da mai amsa saƙo tana gushewa, kuma sau da yawa ba shi da ikon yanke komai. Nemi imel ɗin sashen ƙorafi daga shafin kamfanin kansa. Takardar kada ta wuce rabin shafi: sunanka da lambar asusu, adadin kuɗin, ranar da ka nemi cirewa, abin da aka ce maka, da abin da kake nema. Ka buƙaci su ba ka lambar ƙorafi, su kuma faɗi ainihin sakin layin ƙa'idar da suka dogara da shi. In sun toshe ka daga ganin tarihin wasanka, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba ka ikon neman kwafin bayanan da suke riƙe da su a kanka. Ka ba su mako biyu, ka sanar da su cewa bayan nan za ka kai wa hukumar da ta ba su lasisi. In Turancinka bai kai ba, nemi wanda zai rubuta maka, ba abin kunya ba ne. Zagi da Allah ya isa ka bar su a cikinka. Wata rana wani jami'i zai karanta takardar nan, ya kamata ya ga mutum mai hujja.

To, wace hukuma? A kara babu mai hankalin da ke sayen saniya daga baƙon da ba shi da mai masauki, domin in ta zama ta sata mai masaukin ake kamawa. Lasisi shi ne mai masaukin kamfanin caca. Sauka ƙasan shafinsu ka ga wa ya ba su, sannan ka je shafin ita hukumar ka tabbatar sunansu na ciki, don manna tambari ba wuya. Da can hukumar tarayya da dokar 2005 ta kafa ita ake kai wa kuka. Ranar 22 ga Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar tun 2008, ta yanke cewa caca hurumin jihohi ne, dokar tarayya ba ta aiki sai a Abuja. Ma'anar wannan gare ka babba ce. Manyan kamfanonin da ke aiki a ƙasar nan galibi a Legas suke, lasisin hukumar caca ta Legas suke riƙe da shi, don haka can ƙorafinka zai nufa ko da kana Funtuwa ko Azare. Hukumar ta sha fitar da jerin kamfanonin da ba su da lasisinta, ka duba ko naka na ciki. Akwai kuma hukumar tarayya ta kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda ke karɓar ƙorafi ta intanet. A gida kuwa kada ka ruɗi kanka. A Kano caca laifi ce a dokar shari'a, Hisbah ta rufe shagunanta da dama a Oktoban 2024, kuma alƙalin kotun shari'a ba zai karɓa maka kuɗin caca ba. Ƙannenmu na zango a Ghana tasu hanyar ta fi miƙewa, hukumar ƙasa ce ke ba gidajen caca lasisi bisa dokar 2006.

In ka duba ka ga lasisin daga Kurasawo yake, tsibirin nan na yankin Karebiyan, ko daga Anjuwan ta ƙasar Komoros, to mai masaukin yana bayan teku. Kurasawo ta kawo sabuwar doka a ƙarshen 2024 don ɗaure abin da ya daɗe a sake, kuma ba laifi ka tura ƙorafi, imel ba ya cin kuɗi. Amma in shafin ba shi da lasisin kowa, ko da kirifto kaɗai ake saka masa kuɗi, ko a Telegram wani ya turo maka shi, to babu ƙofar da za ka buga. Gara ka ji wannan daga bakina da ka ƙarar da wata shida kana bin iska.

Nan ne ɓarawo na biyu ke shigowa, kuma shi na fi ji muku tsoro. Duk wanda ya ce sai ka biya kafin a saki kuɗinka, ko da sunan haraji, ko kuɗin tantancewa, ko na buɗe asusu, damfara ce. Haraji, inda ake karɓar sa, daga cikin cin ake zare shi a turo saura. Ƙa'idar cire haraji ta tarayya ta 2024 kashi 5 cikin 100 ta sa wa mazaunin ƙasa, kuma ba kai ke tura shi wani asusu ba. A Afrilun 2025 da dandalin CBEX ya rufta da kuɗin jama'a, an ce wa waɗanda abin ya shafa su ƙara saka dala 100 ko 200 na tantancewa kafin su cire. Shi ba gidan caca ba ne, amma tarkon iri ɗaya ne. Ka rubuta kukanka a Facebook ko X ka gani, nan da nan wani mai tambarin kamfanin zai biyo ka, ya ce shi ma'aikacinsu ne, ka kira wannan lamba. Wani zai ce shi ƙwararre ne wajen dawo da kuɗi, ka ba da kafin alƙalami. Abin da suke so lambar katinka ce, da BVN, da lambar sirrin da banki ke turo maka. Garin neman gira kada ka rasa ido.

In za ka yi magana a fili, rubuta abin da kake da hujjarsa kaɗai, ka rufe lambobinka a hotunan. A 2023 'yan sanda sun kama wata mata a kan sharhin da ta yi wa tumatirin gwangwani a Facebook, aka tuhume ta da dokar laifukan intanet. Kada kuma ka je banki ka ce ba kai ka tura kuɗin ba alhali kai ka tura. Wannan zai mayar da kai daga mai ƙorafi zuwa wanda ake tuhuma.

Ka yi lissafi kafin ka yi nisa. Dubu goma ba ta kai a ɗauki lauya ba, takarda biyu ko uku sun ishe ta, in ba a samu ba ka haƙura. In kuɗin masu yawa ne kuma kamfanin na da ofis da lasisi a ƙasar nan, wasiƙar lauya takan motsa abin da saƙonka bai motsa ba, amma ka ji kuɗin aikinsa tun farko. In Allah Ya sa kuɗin da aka riƙe maka suka fito, malamai ba sa ɗaukar uwar kuɗinka da abin da ya hau kansu abu ɗaya. Nemi malamin da ka amince da sirrinsa, ka gaya masa adadin da yadda aka yi, ya faɗa maka yadda za ka rabu da abin da ba naka ba.

Ranar da alat ya shigo, ko ranar da ka tabbatar ba zai shigo ba, rubuta musu takarda ta ƙarshe ka ce a rufe asusun, a kuma hana ka sake buɗewa. Kamfanoni masu lasisi suna da wannan tsari, sai dai ba sa tallar sa. Ka sa ran saƙon bonas na musamman zai biyo baya, ka toshe lambar, ka goge manhajar, ka fita daga rukunin masu raba lambobin wasa. In ka goge ka sake saukewa, ka rantse ka karya, ka fara taɓa kuɗin maigidanka ko na adashin mahaifiyarka, to abin ya wuce rigimar biya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da caca cikin jerin cututtuka, kuma ana duba masu ita a asibitocin ƙwaƙwalwa, irin na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, da na Dawanau a Kano. Zaɓi mutum ɗaya a gidanku, yaya ko kawu ko gwaggo, ka gaya masa adadin bashin da ke kanka ba ragi, ka ba shi katin bankinka ya riƙe, ku tafi asibitin tare.